Fatar da Mahaifina Ya Naɗa wa Sifirin

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun 1990, lokacin da nake ganin duk unguwarmu ta Paris-Congo a Njamena babu mai wayona, na yi wa wata mota gyaran da har yau ban gama tunaninsa ba.

Mu jikokin alhazan hanya ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce bari ya yi fawa ta shekara ɗaya ya tara ya wuce. Shekarar nan ba ta cika ba har Allah ya karɓi abinsa. Fawar muka gada. Mahaifina kuma ya ƙara da mota, wata tsohuwar a-kori-kura, irin wadda a nan Njamena muke kira bashe. Aikinta biyu ne. Da sassafe ta kwaso nama daga mayanka zuwa kasuwa. Idan kuma wani daga cikin mutanenmu ya rasu, a wanke ta tas, a shimfiɗa tabarma, a ɗora makara, ta kai shi maƙabarta, don maƙabartar da nisa daga unguwa. Mahaifina bai taɓa karɓar ko kuɗin mai a kan wannan ba. Da ya rasu, a cikinta aka kai shi, ni na tuƙa. Na gaje ta tare da wuƙaƙensa da kuma aikin nan na biyu, wanda ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Abin da ke ba ni haushi da motar shi ne laushin bayanta. Da an ɗora mata naman shanu biyu sai ta durƙushe, wutsiyarta ta kusa taɓa ƙasa. Abin da wasu ke kwashewa a sawu ɗaya, ni sai na yi sawu biyu. Abokan fawa suka samu abin tsokana, ina shigowa kasuwa za su fara, wai ga mai bashen da ke zaman tahiya ya iso. Ni kuwa a lokacin ban iya haɗiye tsokana ba.

Ina da aboki bakanike a unguwar Chagoua, tare muka tashi. Na kai masa ita na ce ya ɗaga mini bayanta, ko me za a yi. Ya ce aikin sifirin ne, wato dogayen fallayen ƙarfen nan da ake jerawa ɗaya kan ɗaya a saman tayoyin baya su riƙe nauyin mota. Mu a nan lam muke ce musu. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta.

"Wannan kuma shunu?" in ji shi da Larabcin nan garin, wato mene ne wannan. "Sauko ka ga aikin tsoho."

Na kwanta kusa da shi. Lam ɗin duka biyu a naɗe suke ruf da fatar shanu, tun daga wannan kai har wancan, an ɗinke ta da zaren fata, ɗinki mai kyau irin na wanda ba ya sauri. Ta bushe ta yi tauri kamar itace. Shekara da shekaru ina tuƙa motar nan, ban taɓa leƙawa da kyau ba, na ɗauka taɓo ne ya daskare.

Na zaro wuƙata na farke ta da kaina. Wani wari ya buso mu, warin tsohon kitse, don an cika tsakanin fatar da ƙarfen da kitsen shanu. Ƙarfen kuwa baƙi sumul, ko ɗigon tsatsa babu. Abokina ya bi fallayen da yatsa yana ƙirgawa.

"Biyar. Ai bakwai ya kamata su zama. Tsohonka ya zare bibbiyu kowane gefe, kuma da gangan ya yi, dubi yadda aka rage tsawon ƙusar tsakiya."

Na yi dariya na ce wataƙila wuƙa ya rasa ya ƙera da su, don kowane mahauci ya san babu wuƙar da ke riƙe kaifi kamar ta ƙarfen lam. Muka je wurin masu tsofaffin kayan mota muka samo na wata mota da ta fi tawa girma, masu falle bakwai-bakwai, muka ƙara musu falle bibbiyu, suka zama tara-tara. Kwana biyu muka yi muna fama. Ƙusoshin sun ci tsatsa sai da aka gasa su da wuta kafin su juya, guduma ta fasa mini farce, na yi ta zagin ƙarfe kamar yana ji. Da muka sauke ta daga jak, bayanta ya ɗaga sama kamar na kunama. Tsofaffin lam ɗin na kai wa maƙeri ya yi mana wuƙaƙe. Fatar kuwa na wurga ta bayan garaj, karnuka suka ja.

Mahaifiyata a lokacin idonta ya yi rauni, amma kunnenta ko allura ta faɗi a tsakar gida sai ta ji. Ina tsayawa a ƙofar gida ta ɗaga murya daga ciki.

"Wannan ba tafiyar motarmu ba ce."

Na shiga ina taƙama na kwashe labari na faɗa mata. Ta bari sai da na gama.

"Fatar fa?"

"Na yar, Inna. Tsohuwar fata ce, ba ta da wani amfani."

Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "To. Allah ya ba ka zuciyar ɗauka." Na ɗauka kayan mota take nufi, har na ce amin da ƙarfi.

Makon farko na sha daɗi. Sawu ɗaya, naman shanu huɗu, mota ko gezau. Masu tsokana suka yi shiru.

Ranar da abin ya fara, tsakiyar bazara ce, rana ta take tsaka, irin zafin nan da ko kadangare ya nemi inuwa. Ina zaune ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu ina cin abinci. Layin babu kowa. Motar na tsaye taku biyar daga inda nake, babu komai a bayanta, na sa dutse a tayarta. Sai na ji ƙiiit, doguwar ƙara ta ƙarfe yana gogar ƙarfe. Na ɗaga kai. Da idona na ga gefen hagu ya sauka, sannan na dama ya bi shi, daidai yadda mota ke yi idan ƙaton mutum ya taka ya hau ya gyara zama. Ta zauna a haka, ba ta koma ba.

Na ajiye kwano na zagaya ta sau biyu. Na leƙa ƙarƙashi, na taɓa tayoyi, iska lafiya lau. Sai muryar mahaifiyata ta fito daga ciki, a natse, kamar mai aike na sayo gishiri.

"An hau. Ɗebo ruwa ka wanke ta."

Ban wanke ba. Na ce a raina tsufa ne. Kafin la'asar sai ga surukin wani tsohon tela na bayan layinmu ya zo ya yi sallama, ya ce tsohon ya cika da rana tsaka, ana neman mota.

Wannan tafiya ta maƙabarta ba zan manta da ita ba. Lam mai tauri sai da nauyi yake lafawa, tela kuwa ɗan siriri ne, ga dattawa huɗu kawai a gefensa. Hanyar duk ramuka. Kowane rami muka shiga sai makarar ta yi sama ta dawo. Ina kallo ta gilashin baya, dattawan nan sun danne mamaci da hannuwa, ɗaya ya rungume kansa, ƙullin likkafani ya kwance ta ƙasa har ƙafa ta leƙo. Na rage gudu har masu tafiya a ƙasa suna wuce mu, duk da haka ba ta daina ba. Da muka isa aka sauke makarar, motar ta sake yin ƙarar nan ta miƙe, ta tashi fiye da abin da nauyin tela zai sa ta tashi.

Bayan an rufe shi limaminmu ya ja ni gefe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ɗana, duk shekarun da mahaifinka ya yi yana kawo mana mamata, ko ƙwaryar ruwa ka ɗora a bayan motar nan ba za ta zube ba. Yau kai ka kawo mana bawan Allah yana tsalle. Ka duba abin da ka taɓa."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Da na dawo gida na zauna gaban mahaifiyata na ce ta faɗa mini abin da ta sani.

"Tun ranar da ta fara ɗaukar gawa take yin haka," in ji ta. "Fallayen da mahaifinka ya zare, don mamata ya zare, kada su jijjiga. Fatar kuwa don mu ya naɗa. Ina da cikin ƙanwarka na ji ta ta yi, na kwana uku abinci bai wuce mini ba, ina cewa ni ce. Ya ce wannan ba abin da gida zai riƙa ji ba ne. Ya samo fata ya zauna ya ɗinke mata baki. Daga nan shi kaɗai yake gani idan ta zauna. Sai ya tashi ya wanke ta, bai ce wa kowa komai ba."

Sai a lokacin na tuna yadda yakan tashi tsakiyar hira ya ɗauki bokiti ya hau wanke motar da ba ta yi datti ba. Mu yara muna yi masa dariya a ɓoye, muna cewa ya fi son motar a kanmu.

Washegari na tafi Chagoua. Abokina ya saurare ni yana goge hannu da tsumma, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ƙarfe ne, ɗan'uwa. Lam ɗin da muka haɗa ba 'yan gida ɗaya ba ne. Rana ta dake su, su zame a kan juna, su yi kuka, halas, shi ke nan. Mutanenmu kuma yawa gare su, wane mako ne ake rasa mutuwa? Ko tukunyar gidanku ce ta yi ƙara sai ka samu wanda ya mutu a ranar."

Maganarsa ta shige ni. Liman ma da na je masa cewa ya yi in kiyaye imanina, gaibu na Allah ne shi kaɗai, ƙarfe bai san komai ba. Na yarda da su duka biyun, har yau ma na yarda. Na so in samo fata in naɗa, amma girman kai ya hana ni, don naɗawar tamkar amsawa ce cewa na gaskata. Zare fallayen kuma na yi ta cewa gobe, saboda sawu ɗayan nan ya yi mini daɗi.

Motar ta sake yin ƙarar bayan kwanaki, da la'asar aka zo neman mota. Sannan wata rana ta yi, aka wuni ba wanda ya zo, aka kwana ba wanda ya zo. Na yi murna kamar an yi mini bushara, har na je na tsokani mahaifiyata na ce yau dai mai hawan ya sauka. Ta ce in je in duba ko motar ta miƙe. Ba ta miƙe ba. Kwana uku tana zaune, ina loda mata nama a haka, ina tuƙi ina jin kamar akwai ido a ƙeyata. A rana ta huɗu aka tsallako da gawar wani ɗan unguwarmu mai fataucin awaki daga Kusuri, garin da ke tsallaken kogi. Can ciwo ya kama shi a gidan da ya sauka, ya rasu tun ranar da ta yi kukan, sai da aka sha wuya kafin a gano danginsa. Motata ce ta kai shi.

Magana ba ta ɓuya a unguwa irin tamu. Mutane suka fara tsallakewa ɗaya gefen layi idan sun zo wucewa. Wani tsoho mai tari ya jawo kujerarsa ya dasa ta daura da gidanmu, kullum yana zaune yana kallon bayan motar, ko gaisuwa ba ya amsawa sosai. Akwai wata maƙwabciyarmu da mijinta ya daɗe a kwance, kowace safiya sai ta shigo wai aron maburgi ko ɗan gishiri, bakinta na gaishe da mahaifiyata, idonta na waje. Wata rana ta kasa daurewa ta tare ni a zaure, muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Don Allah, ta yi yau?" Na ce ba ta yi ba. Ta yi hamdala ta fita, ta bar gishirin a hannuna.

Da damina ta sauka mahaifiyata ta kwanta. Zazzaɓi ne da farko, sannan ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi zama. Muka kai ta asibiti, aka ba da magani, muka dawo. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni. Ƙofa ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ina yanka a kasuwa hankalina na ƙofar gida.

Sai na yi dabara, irin dabarar mai wayon Paris-Congo. Na tuƙa motar na tsallake gada na kai ta Walia, lambun wani tsohon abokin mahaifina. Na ɗaga ta da jak, na jera kututturan itace ƙarƙashin gangar jikinta, tayoyin baya suka rataye a iska, lam ɗin ba ya ɗauke da komai. Na tsaya ina kallonta na ce to, in ga ta inda za a hau. Gaskiyar magana, kuma ina jin kunyar rubuta ta, a can ƙasan zuciyata na sa cewa muddin motar nan ba ta zauna ba, mahaifiyata ba za ta tafi ba. Ni da nake salla biyar. Nama kuwa na koma ɗaukarsa a motar wani abokin fawa.

Ba a yi mako ba mijin maƙwabciyar nan ya rasu. Aka zo neman mota na ce tana wurin gyara. Ranar an kwana ana ruwa, ba a samu wata motar da za ta yarda ta shiga taɓon ba. A amalanke aka tura shi har inda amalanke ya maƙale, daga nan aka ɗauke shi a kafaɗa, tsofaffi suna zamewa suna tashi. Ina cikinsu, na sa kafaɗata ni ma. Ba wanda ya ce mini uffan har muka dawo.

Ina shiga gida mahaifiyata ta kira ni. Ta rame sosai, amma muryar na nan.

"Ina motar?"

"Tana gyara, Inna."

"Tun kana yaro muryarka ke rawa idan za ka yi ƙarya. Ina ka kai ta?"

Na faɗa mata duka, har kututturan. Na zaci za ta yi faɗa, sai ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Wato ka ɗaure mutuwa a lambu a Walia. Sannu da ƙoƙari. Ka sa an kai bawan Allah a amalanke kamar buhun gawayi saboda tsoronka. Ka saurare ni da kyau. Gobe ka ɗauko ta. Ka zare abin da ka ƙara mata, don ni ba zan je wurin mahaifinka ina tsalle ba. Amma kada ka naɗa mata komai. Ka ajiye ta jikin bangon ɗakin nan. Ina so in ji."

"Inna, ba kya tsoro?"

"Ina tsoro mana, wa ya ce maka ba na tsoro? Amma ka tuna ranar da mahaifinka ya faɗi a kasuwa. Da kuka zo ɗaukarsa, wa ya wanke motar?"

Ba wanda ya wanke ta. A wanke muka same ta, har tabarmar na shimfiɗe. A ruɗewar ranar ban ma lura ba.

"Shi ya wanke ta da safen nan da hannunsa," in ji ta. "Na ji zubar ruwa. Na so in tambaye shi ta wa ce, na ce bari ya dawo. Ya fita ko sai an jima ban ce masa ba, ina fushi da shi a kan wata 'yar magana da yanzu na ma manta ta. Ni ba na son haka. Idan ƙarfe ne kawai, ba abin da na rasa. Idan kuma Allah ya ga dama ya sa a yi mini sallama kafin a shigo, don me za ka toshe mini kunne?"

Washegari na sauke ta daga kututturan na kai ta Chagoua. Na faɗa wa abokina abin da ake ciki. Wannan karon bai yi dariya ba, ya dai ce "tamam", wato ya yi, ya jawo jak. Muka kwance lam ɗin, muka zare falle hurhuɗu kowane gefe, muka mayar da su biyar-biyar, ya yanke ƙusar tsakiya daidai. Muka cika roba da ruwa muka ɗora a baya, ya hau ya zauna kusa da ita, na bi da mu hanya mafi muni a Chagoua. Ruwan ya yi ta rawa amma bai zube ba. Da zan tafi ya miƙo mini gwangwanin man giris, ya ce ko ɗan kaɗan in sa tsakanin fallayen. Na ce an hana ni.

Kwana tara motar na jikin bangonta. Na bar kasuwa a hannun abokan fawa na zauna da ita. Ban taɓa zama da mahaifiyata haka ba tun da na girma. Ta ba ni labarin kakanmu da ban taɓa ji ba, ta faɗa mini laifuffukana ɗaya bayan ɗaya, wasu na amsa, wasu na musa, muka yi dariya. Amma duk hirar da muke yi, kunnuwanmu biyu na bayan bango.

Rana ta goma an wayi gari da yayyafi, gari ya yi sanyi luf, rana ko leƙowa ba ta yi ba balle ta daki wani ƙarfe. Da hantsi ina ba ta kunu a cokali sai muka ji. Ƙit. 'Yar ƙarama, gajeriya, da ba a shiru muke ba da ba za mu ji ba.

Na ajiye cokalin na fita da gudu. Wallahi ina addu'a a fili Allah ya sa akuya ce ta hau, ko kaza, ko wani ya jingina. Layin babu kowa sai ruwa da ke ɗiga daga darbejiya. Bayan motar ya sauka, amma kaɗan, bai fi faɗin yatsu biyu ba.

Na koma ciki. Na same ta tana murmushi.

"Ka ji? Ashe ba ni da nauyi."

"Akuya ce, Inna."

"To, akuyar ce. Kawo mini ruwan alwala. Ka kira ƙanwarka, ka faɗa wa maƙwabta su shigo."

Ta yi alwala da taimakon ƙanwata. Matan layi suka shigo ɗaya bayan ɗaya, ta nemi gafarar kowacce, har wadda suka shekara biyu ba sa ga-maciji a kan magudanar ruwa. Ta riƙe hannun maƙwabciyar da aka kai mijinta a amalanke ta ce ta yafe wa ɗanta, wauta ce ba mugunta ba. Ta raba tukwanenta da zannuwanta. Sannan ta ce in je in wanke motar tun tana iya jin zubar ruwan. Na wanke ina kuka kamar ƙaramin yaro, ruwan sama na taya ni. Da na dawo ta dafa kaina ta ce ta yafe mini duniya da lahira, ta ce in yafe mata. Ta cika tsakanin azahar da la'asar, kalmar shahada a bakinta, hannunta a cikin nawa.

Na tuƙa ta da kaina. Dattawan da ke baya ba wanda ya sa hannu ya riƙe makara har muka isa.

Bayan kwana arba'in na samo fatar shanu mai kyau, na narka kitse, na kwanta ƙarƙashin motar na ɗinke lam ɗin. Ɗinkina bai kai na mahaifina kyau ba, amma ya riƙe. Unguwa ta samu lafiya, tsoho mai tari ya mayar da kujerarsa gida, ya ma ƙara shekaru masu yawa a duniya. Na koma sawu biyu, masu tsokana suka koma tsokanarsu, ban ƙara jin zafinta ba. Na ci gaba da kai mutanenmu har ƙarshen shekarun 2000, lokacin da injin ya mutu mutuwar da abokina ya ce ko shi ba zai iya tayar da shi ba. Muka tura ta cikin gida, ta tsaya a kusurwa, jama'a suka samu wata motar.

Ba na ce muku ƙarfe ya san gaibu ba. Mahaifiyata tana kwance ne rai a hannun Allah, kowa ya gan ta ya san kwanan ya matso. Mai yiwuwa duk abin nan zafi ne da sanyi da tsoron mutum. Abin da na sani shi ne na samu wuni guda da ita wanda na kusa bari a kan kututture a Walia. Mahaifina ya rufe mana kunne saboda yana son mu, mahaifiyata ta buɗe nata saboda tana son mu, na daɗe ina auna wanda ya fi gaskiya a cikinsu ban iya yankewa ba. Kuma na daina saurin farke abin da na tarar tsoho ya ɗinke kafin in tambaya.

Yanzu furfura ta gama cinye mini kai, gwiwa ta fara ƙin sujada. Bara, bayan wata jinya da na yi, na wayi gari na ɗauki wuƙa na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashin motar. Ina cikin farke ɗinkin sai na ga ƙafafun matata sun tsaya kusa da taya. Ta tambaye ni me nake nema ƙarƙashin motar da ba ta tashi. Na ce tsatsa nake dubawa. Ta kalli fatar da na jefo waje. Sannan ta ce, "To, idan ka gama dubawa, ka samo mutane a turo ta kusa da tagarmu. Kunnena ya fara nauyi."